Uno, Pro Micro, Pico ko Teensy: wane allo za ka saya don haɗa na'urar MIDI a Damagaram?

Ɗan yayata ya shigo mini da wani akwatin katako a hammata wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya huda murfin, ya dasa maɓallan murɗawa guda shida a jere, irin waɗanda masu gyaran rediyo ke kira bolim, ya ja wayoyi kala-kala zuwa wani shuɗin allo na Uno. So yake ya riƙa sarrafa manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da maɓallan. Sati uku ya yi yana fama da shi. Ya ce, "Kawu, fitila na kamawa, in na murɗa ina ganin lambobi na canzawa a kwamfuta, amma FL Studio ya ƙi ganinsa sam." Na karɓa na duba ƙaramin aisin (IC, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da ke kan allo) da ke kusa da bakin USB. CH340 ne a rubuce. Na ce masa, "Yaro, likinka ya yi kyau, wayoyinka daidai suke. Allon ne ba a yi shi don wannan hanyar ba."

Abin ya tsaya mini a rai, domin a nan kuskuren saye yana da tsada. A kasuwar Dole za ka samu dalma da waya da rezista da tsofaffin rediyon da za ka kwance, amma allon da ake rubuta wa umarni sai dai saƙo: ko daga Kano mai nisan kilomita kusan 240, ko daga Yamai mai kusan 900, ko kuma oda daga Sin da za ka yi makonni kana jira. In abin da ya iso bai dace ba, wata guda ya tafi. Shi ya sa nake son mu auna allunan nan huɗu tun kafin kuɗi su fita daga aljihu.

MIDI ba sauti ba ne, saƙo ne. Tun 1983 ake amfani da shi, bayan da Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suka ja gaba wajen ganin kayan kiɗan kamfanoni daban-daban sun fahimci juna. Abin da na'urarka za ta aika bai wuce irin wannan ba: an danna murya ta 60 da ƙarfi kaza, an sake ta, an murɗa maɓalli na 7 zuwa kaza. Layuka 16 ne, kuma yawancin lambobin daga 0 zuwa 127 suke. Kowane allo cikin huɗun nan zai iya lissafin wannan ba tare da ya yi gumi ba. Inda suka rabu shi ne ƙofar da saƙon zai fita, don haka tambayar farko ita ce: wa zai karɓi saƙon? Kwamfuta ko salula ta USB? Tsohon fiyano mai zagayayyen baki mai ƙafa biyar? Ko kuwa so kake akwatin ya yi kuka da kansa?

Mu fara da Arduino Uno (samfurin R3) da ƙanensa Nano na farko, tunda su suka fi yawa a hannun mutane, su ne kuma ake fara koyo da su. Aisin da ke cikinsu, ATmega328P, bai san USB ba. Wani aisi na biyu ne ke yi masa tafinta. A Uno na asali tafintan shi ne ATmega16U2, wanda za a iya sake masa umarni ya riƙa gabatar da kansa a matsayin kayan MIDI, ko da yake aiki ne mai gajiyarwa, don duk lokacin da za ka gyara shirinka sai ka mai da shi yadda yake. A kwaikwayon da ya cika kasuwa kuwa CH340 ne, shi kuma ba ya sakuwa ko kaɗan. Mafitar da ta rage ita ce ka sa wasu manhajoji biyu a kwamfuta, Hairless MIDI da loopMIDI, ɗaya ta fassara ɗaya ta miƙa. Yana aiki, na gwada. Amma ka tuna yadda ɗakunan ɗaukar waƙa suke a garin nan: an ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, an tayar, mawaƙi na tsaye gaban makirfo, kai kuma kana neman lambar ƙofar da kwamfuta ke ba allon, wadda ta canza. A salula kuma wannan dabarar ba ta da wurin zama.

Duk da haka kada a yar da Uno. In abin da za ka sarrafa yana da zagayayyen bakin nan, Uno ya isa har ya yi saura. Yana aiki da volt 5, wanda shi ne ainihin abin da aka tsara MIDI a kansa, kuma rezista biyu masu om 220 da baki guda su ne dukan abin da kake bukata don fitar da saƙo. Yana da jimiri, yana yafe kuskuren ɗan koyo fiye da sauran. Aibinsa guda a nan shi ne ƙafafu 0 da 1 da MIDI ke bi su ne kuma USB ke bi, don haka in ka haɗa masa bakin karɓar saƙo, sai ka cire wayar ƙafa 0 kafin ka loda sabon shiri, in ba haka ba lodin ya ƙi.

Pro Micro, da babban wansa Leonardo, su ne amsar matsalar ɗan yayata. Aisinsu ATmega32U4 yana da USB a jikinsa. Ka sa laburaren MIDIUSB (shiryayyen umarni ne da ake ƙara wa shiri), ka loda, kwamfuta ta gan shi a jerin kayan kiɗa ba tare da an sa mata wata manhajar direba ba. Salular Android ma, tun daga siga ta 6, tana karɓarsa ta ƴar wayar OTG, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga matasan da duk kiɗansu a FL Studio Mobile ko BandLab suke haɗa shi. Kuma hanyar da yake aika saƙo ta ƙafafu daban take da ta USB, saboda haka akwati ɗaya zai iya magana da kwamfuta da tsohon fiyano a lokaci guda. Shirin da ka rubuta wa Uno kusan duka zai hau shi, volt 5 ɗin nan dai ne, ƙafafun karanta bolim kuma tara ne a Pro Micro, goma sha biyu a Leonardo, alhali Uno shida gare shi.

Yana da halaye biyu da ya kamata ka sani tun kafin ya iso. Na farko, iri biyu ake yi: mai volt 5 da gudun megahaz 16, da mai volt 3.3 da gudun 8. Ka gaya wa mai kawo maka saƙon a fili cewa na farkon kake so. In ka zaɓi wanda ba shi ba a manhajar Arduino ka loda, allon zai ɓace daga kwamfuta kamar ya ƙone. Bai ƙone ba. Ka haɗa ƙafar RST (ta sake tayar da allo) da GND (nagatif) da ƴar waya sau biyu da sauri, zai farka na daƙiƙa takwas, cikin wannan ɗan lokacin za ka tura masa shirin da ya dace. Sau da yawa sai an maimaita kafin a dace da lokacin, a yi haƙuri da shi. Na biyu kuma shi ya fi ciwo: ƙaramin bakin USB ɗinsa a saman allon kawai aka lika shi. Nawa na farko a hannuna ya ɓalle, wani yaro ya yi tuntuɓe da waya, bakin ya taho har da siraran layukan tagullar da ke ƙarƙashinsa, babu abin da za a sake likawa. Tun daga ranar nake cika gefen bakin da gam mai haɗi biyu, in sa gajeriyar waya ta zauna a ciki dindindin, in ɗaure ta a jikin akwati, ta yadda duk jan da za a yi akwatin ne zai sha. Kada ka dogara da gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga. Zafin Afrilu da Mayu, in akwatin ya wuni a ɗaki mai rufin kwano, yana sa shi ya saki. In ka samu mai bakin USB-C, ɗauki shi.

Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dalar Amurka 4, kuma a ƙarfi ya yi wa waɗancan nisa ƙwarai: ƙwaƙwalwa biyu masu gudun megahaz 133, da ma'ajiyar aiki kilobayit 264, inda Uno ke da 2, Pro Micro 2.5. USB ɗinsa a jiki yake. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne wuyar kashe shi ta hanyar shiri: ka danne maɓallin BOOTSEL ka soka waya, ya fito kamar filas, ka ja fayil ka jefa. Wanda ya fi sabawa da Python zai iya rubuta masa da CircuitPython, wanda ya saba da Arduino ma akwai hanyarsa.

Sai dai ga mai son akwati cike da bolim, Pico yana da ƙafafun karantawa uku kacal, 26 da 27 da 28. Kuma volt 3.3 yake sha. Ka kuskura ka kai wa ƙafarsa 5, ka yi asararta. Wannan yana shafar komai da za ka jingina masa. Bakin fitar da MIDI sai da rezista om 33 da om 10 maimakon 220 guda biyu. A takarda yana karantawa da matakai 4096, Uno da Pro Micro 1024, amma karatun nasa yana da rawa, kuma tunda a ƙarshe zuwa 128 za ka matse, wannan fifikon bai cika amfanar mai bolim ba.

Teensy 4.0 na kamfanin PJRC shi ne dokin sarki a cikinsu. Gudunsa megahaz 600, MIDI zaɓi ne kawai a cikin jerin manhaja, kuma yana da laburaren sauti da za ka jera sassan kiɗa a shafin intanet kamar kana haɗa wayoyi. Da ya fito a 2019 kusan dalar Amurka 20 ne, wato Pico biyar, kafin a sa kuɗin hanya. Ba a samun kwaikwayonsa mai arha yadda ake samun na Arduino, kuma shi ma volt 5 na kashe masa ƙafa. Ra'ayina shi ne kada ya zama allonka na farko. Wanda bai taɓa ƙona allo ba zai ƙona, kuma gara ya ƙona wanda zai iya maye gurbinsa.

Akwai wani tarko da ya kamata in tsaya a kansa, don na ga ya kama mutum biyu. Fiyanon Yamaha PSR shi ne ƙashin bayan kiɗan ɗakunan waƙa daga nan har Kano, kuma da yawa daga ƙananan na yanzu ba su da zagayayyen bakin MIDI, sai bakin USB mai kusurwa huɗu irin na firinta. Mutum sai ya ɗauka zai soka Pro Micro kai tsaye a fiyanon. Ba zai yi ba. A tsarin USB dole ɗaya ya zama maigida ɗaya bara, kuma fiyanon da Pro Micro duk barori ne, kowa na jiran a yi masa magana. Ko dai kwamfuta ta shiga tsakani, ko ka nemi allon da zai iya zama maigida. Teensy 4.1 yana da wurin wannan a jikinsa, Pico ma yana iyawa in ka jure wahalar shirin. Don haka kafin ka aika saƙon saye, juya fiyanon ka leƙa bayansa.

Wani allon mai suna ESP32 ma ana yawan tambayata a kansa, saboda yana da Bluetooth kuma masu harkar sola da famfo sun san shi. Na asalin ba shi da USB na kansa, sai S2 da S3, kuma karatun bolim ɗinsa ba ya tafiya daidai a farko da ƙarshen murɗi. In ba rashin waya ne babban burinka ba, bar shi.

To, ko wanne ka zaɓa, ciwon da zai fi damunka ɗaya ne: lambobi na rawa alhali ba wanda ya taɓa komai. Kana kallo 63 ta koma 64 ta dawo 63, kowane motsi kuma saƙo ne. Zagayayyen bakin MIDI yana tafiya da bit 31,250 a daƙiƙa, wato saƙo kusan dubu, don haka bolim goma sha shida masu rawa suna iya cushe hanya har kiɗa ya riƙa makara. Fara da sayen bolim da ya dace: B10K. Harafin B na nufin yana hawa daidai wa daida. Mai A na ƙarar rediyo ne, rabin murɗinsa kamar ba ya komai sannan ya yi tsalle. Waɗanda za ka ciro daga tsohuwar rediyo yawanci masu A ne, a nan ne mutane ke faɗawa. Sa kondansa mai nanofarad 100 tsakanin ƙafar tsakiya da GND, gajarta wayoyi, sannan a cikin shiri kada ka aika sabon saƙo sai karatun ya gusa da mataki huɗu zuwa takwas daga na baya. In kana son fiye da ƙafafun da allo ke da su, aisin CD74HC4067 yana tara bolim 16 a ƙafa ɗaya da wayoyin zaɓi huɗu, CD4051 kuma takwas. Bayan ka sauya layi, karanta sau biyu ka yar da na farko, don ragowar cajin maƙwabci yana biyo shi. Da wannan aisin ƙafafu ukun Pico sun daina zama matsala, sai dai an ƙara liki da wurin kuskure.

Sannan ga hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke shiga ko'ina tana shiga bolim ma. Masu ja sama da ƙasa irin na mikisa sun fi kyan gani, amma tsagar da ke jikinsu buɗe take, wata biyu sun fara tsalle. Ni na koma masu murɗawa gaba ɗaya, kuma ina rufe akwatin da ƙyalle in an gama. Busasshiyar iskar lokacin kuma tana tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙarfe. Aisi irin 4067 ba ya jure ta, saboda haka taɓa ƙofar ƙarfe ko tagar ɗaki kafin ka ɗauke shi. In rawar ta ƙi tafiya bayan duk wannan, zare cajar kwamfutar ka bar ta a kan batir. In ta lafa, cajar ce ke shigo da datti, musamman lokacin da ake kan janareto. Wayar USB ma a gwada wata, da yawa na caji ne kawai, babu layin saƙo a cikinsu, fitila za ta kama amma kwamfuta ba za ta ga komai ba.

Zagayayyen bakin kuwa laifinsa kusan kullum ɗaya ne, an juya ƙafa 4 da 5. Lambobin ba a jere suke ba, 1, 4, 2, 5, 3 suke tafiya, kuma hoton da ka gani wataƙila daga gaba aka ɗauka kai kuma kana liki daga baya. Soka ƙaramar fitilar LED a bakin fita, doguwar ƙafa a rami na 4, gajeriya a na 5. In tana ƙiftawa lokacin da kake murɗa bolim, haɗinka daidai ne. In sai ka juya ta take ƙiftawa, musanya wayoyin. A bakin karɓa kuma kada ka tsallake 6N138 ko H11L1, su ne ke raba wutar na'urorin biyu ta hanyar haske, kuma su ke hana gurnanin nan da ke shiga lasifika.

In burinka akwatin ya fitar da sauti da kansa, ma'aunin ya juya. Uno da Pro Micro suna iya kuka da laburaren Mozzi, sauti mai kaushi da wasu ke so, amma murya kaɗan ce kafin su gaji. Pico da ƙaramin allon PCM5102 yana ba da sauti mai tsabta irin na faifai, a nan ne ƙarfinsa ke biyan kuɗinsa, Teensy kuma ya fi shi sauƙin shiryawa. Masu sha'awar haɗa irin na da, na taransista zalla mai bin ƙa'idar volt ɗaya ga kowane hawan murya takwas, su sani cewa zafi yana karkatar da muryarsa. A garin da asubar Janairu ke sa mutum rawar ɗari, azahar ɗin Mayu kuma ta haura digiri 40, abin da ka saita da safe ba shi za ka tarar da rana ba, sai in ka samu aisi irin AS3340 mai gyara kansa. Allon lissafi ba ruwansa da wannan, muryarsa daga kiristal take fitowa.

Abin da nake ba mutane shawara ke nan. Mai kwamfuta ko salula da ke son bolim da maɓallai: Pro Micro mai volt 5, kuma ya sayi biyu a saƙo ɗaya. Mai tsohon fiyano mai zagayayyen baki da ya riga ya mallaki Uno ko Nano: ya riƙe abinsa, kada ya ƙara ko dala. Mai son sauti daga cikin akwati, ko wanda ya riga ya gama na'ura ɗaya ta yi aiki: Pico. Teensy sai ga wanda ya san takamaimai abin da Pico ya kasa yi masa.

Ɗan yayata Pro Micro ya samu, wani direban da ke bin hanyar Matamaye zuwa Daura ya taho masa da guda biyu daga Kano. Bolim shidan nan ba mu taɓa su ba, wayoyin tsakiya kawai muka mayar. Uno ɗin kuma bai zauna banza ba, da shi yake gwajin abin da ya fi cin ransa yanzu, wato kalangu. Ya lika faifan fiyezo, mai mai da bugu wuta, a ƙarƙashin fatar da ya samo wurin dukawa, da rezista megaom 1 a gefensa da diyod ɗin zena mai volt 5.1 don kada bugu mai ƙarfi ya ƙona ƙafar allo. Matsewar hammata da ke sa kalangu magana kuma yana son ya kama ta da ɗan faifan da ke jin dannawa, ya mai da ita saƙon lanƙwasa murya, wanda shi matakai 16,384 gare shi maimakon 128. Da ya fara gwadawa muryar ba ta hawa yadda kunne ya saba, ya dawo yana cewa, "Kawu, kamar an shaƙe shi." Yawancin manhajoji rabin murya biyu kawai suke barin lanƙwasa ta kai sama ko ƙasa in ba ka faɗaɗa ba. Muka buɗe saitin muka kai shi bakwai, ya buga ya matsa, mahaifiyarsa ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar wane makaɗi ne ya shigo.